Tufka da Warwara: Matsalar Riƙe Sigar Z wajen Haɗa Alkin da Katalis

Tsakure

Wannan takarda ta duba hanyoyin da ake bi da katalis don haɗa alkin mai siga ɗaya tak, ko E ko Z. Ta fi tsayawa a kan uku: ƙara wa alkayin haidirojin, metatesis, da juya siga da haske. Hujjar da take kafawa ita ce samar da sigar Z bai kai riƙe ta wuya ba, domin katalis ɗin da ya tufka ta shi ne yakan komo ya warware ta. Saboda haka adadin Z da E da aka auna sau ɗaya a ƙarshen aiki bai isa shaida a kan katalis ba. An ɗauko misalai daga man girki, turaren jibda, da sinadarin da ƙwarin gona ke kiran juna da shi.

Shimfiɗa



Bari in fara da abin da ke cikin madafin kowa. Kusan rabin sarƙoƙin da suka haɗu suka yi man gyaɗa na wani asid ne da ake kira oleyik, mai kabon 18, da tagwayen ɗauri guda tsakanin kabon na 9 da na 10. Yana narkewa a wajen digiri 13 na ma'aunin Salshiyas. Yana da ɗan'uwa, asid elaidik, wanda yawan kabon, haidirojin da oksijin ɗinsu ɗaya ne, jerin ɗaurinsu ma ɗaya ne, amma shi sai zafi ya kai wajen digiri 45 yake narkewa. A oleyik rassan sarƙar biyu suna gefe guda na tagwayen ɗaurin, sai sarƙar ta lanƙwashe kamar gwiwar hannu. A elaidik kowane reshe ya ɗauki gefensa, sarƙar ta miƙe, ƙwayoyin suka jeru suka matse kamar damin kara. Ta farkon ita ce sigar Z, ta biyun sigar E, daga kalmomin Jamusanci zusammen da entgegen, wato "tare" da "kishiyar juna".

Da yake da Hausa muke wannan zama, ga yadda zan riƙa kiran abubuwa. Alkin shi ne sinadarin da ke da tagwayen ɗauri tsakanin kabon biyu, alkayin kuma mai ɗauri uku. Katalis shi ne abin da ke hanzarta haɗi ba tare da ya ƙare a ciki ba, kamar dillalin da ke haɗa mai saye da mai sayarwa sannan ya juya ga na gaba. Ligan su ne ƙwayoyin da ke kewaye da ƙarfen katalis suna tsara masa inda zai karɓi baƙo.

Ɗauri guda tsakanin kabon biyu yana juyawa kamar mazari. Tagwayen ɗauri ba ya juyawa. A etilin sai an kashe kimanin kilokalori 65 a kowane mol kafin a murɗa shi. Shi ya sa E da Z suke zama sinadarai biyu daban, kuma jikin mai rai yana bambance su sarai. Sigar Z ta tamoksifen ita ce maganin sankarar mama, ta E kuwa aikin estirojin take kwaikwayo, abin da ake gudu ke nan. Kombiretastatin A-4, wanda aka samo daga bishiyar Combretum caffrum ta Afirka ta Kudu, dangin gezar da muka sani, yana hana ƙwayoyin sankara rabuwa a sigar Z, ya rasa mafi yawan ƙarfinsa idan ya koma E. Misalin da ya fi burge ni shi ne na ƙwaron masara na Turai, Ostrinia nubilalis. Kashi biyu ne, kuma matan kowane kashi sinadari ɗaya suke fitarwa don kiran maza, sai dai na ɗaya kashi 97 Z ne da 3 E, na ɗayan kuma 1 Z da 99 E. Namijin wannan kashi ba ya amsa kiran wancan.

Ga lissafin da komai ya rataya a kansa. A 2-butin, E ta fi Z kwanciyar makamashi da kimanin kilokalori ɗaya kacal, saboda a Z rassan biyu suna gogar juna. Ƙarami ne, amma ya isa: duk lokacin da aka buɗe ƙofa tsakanin sigogin biyu, ruwa zai gangara zuwa E. Wanda ke son Z dole ya yi nasara ta hanyar sauri, wato hanyar da ke kaiwa ga Z ta fi ta E sauƙin hawa. A digiri 25, tazarar kilokalori 1.7 tsakanin hanyoyin biyu tana ba da 95 da 5, tazarar 2.7 tana ba da 99 da 1. Duk shekarun da aka kwashe ana ƙera ligan, a kan kilokalori biyu zuwa uku ake fafatawa.

Lindlar da man da aka daskarar

A 1952 Herbert Lindlar, ma'aikaci a kamfanin Hoffmann-La Roche da ke Basel, ya bayyana katalis ɗin da har yau ke ɗauke da sunansa: faladiyam kashi 5 cikin ɗari a kan alli, an shafa masa gishirin dalma, sau da yawa a ƙara kwinolin. Don haɗa bitamin A aka yi shi. Bayanin da muke ba ɗalibai gajere ne: alkayin ya kwanta a fuskar ƙarfe, haidirojin biyu suka hau shi daga gefen da ke kallon ƙarfen, sai Z ta fito.

Bayanin gaskiya ne, amma rabi ne. Faladiyam da ba a shafa wa komai ba shi ma daga gefe guda yake ɗora haidirojin. To mene ne aikin dalmar? Amsar tana cikin tsarin da Horiuti da Polanyi suka gabatar tun 1934. Haidirojin ɗaya bayan ɗaya suke hawa. Idan alkin ɗin da aka riga aka samar ya sake sauka a kan ƙarfe ya karɓi haidirojin guda, tagwayen ɗaurinsa ya zama guda na ɗan lokaci, mazari ya samu damar juyawa. Daga nan hanya biyu ce: ko ya karɓi na biyu ya zama alken marar tagwayen ɗauri, aiki ya wuce gona da iri, ko ya mayar da haidirojin ɗaya ya tashi a sigar E. Muddin akwai sauran alkayin a tukunya, shi ke mamaye fuskar ƙarfen, don ya fi alkin manne mata. Ranar wanka ita ce lokacin da alkayin ya ƙare. Dalma da kwinolin ba su koya wa faladiyam yin Z ba, hana shi sake karɓar abin da ya haifa suke yi. Duk wanda ya taɓa barin wannan haɗi ya kwana a ƙarƙashin balan-balan na haidirojin ya san abin da yake tararwa da safe.

Wannan tsari shi ne ya haifar da matsalar da likitoci suka shafe shekaru suna kuka da ita. Tun bayan da Wilhelm Normann ya yi rajistar hanyar daskarar da mai da nikel a 1902, masana'antu suke ƙara wa man tsirrai haidirojin rabi da rabi don ya yi kauri. Sarƙar oleyik ta sauka a kan nikel, ta karɓi haidirojin guda, ta juya, ta mayar, ta tashi elaidik, wato kitsen tirans. Ba wanda ya yi niyyar ƙera kitsen tirans. Katalis ne ya buɗe ƙofa, makamashi ya yi sauran. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kiran a kawar da shi daga abinci, kuma ƙa'idar mai da kitse ta 2022 ta hukumar NAFDAC ta ƙayyade shi a giram 2 cikin kowane giram 100 na mai. Mu lura cewa enzayim ɗin da ke ƙera oleyik a jikin mai rai, wanda ƙarfe biyu ke tsakiyarsa, Z zalla yake yi, don sarƙar a lanƙwashe take shiga raminsa, kuma ba ya komawa kan abin da ya gama.

Idan E ake so daga alkayin, tsohuwar hanya ita ce sodiyam a cikin ruwan amoniya, wadda ba ta katalis ba ce, kuma takan lalata sassa masu laushi na ƙwayar. Rahotanni da yawa sun fito na katalis "mai zaɓen E", amma idan aka bi haɗin sa'a bayan sa'a sai a ga Z ce ke fara fitowa, sannan ta juye. Wato warwarar ce aka mayar sana'a. Ba laifi ba ne, in dai an faɗa. Wani aiki da aka yi da kobalt a Jami'ar Tsinghua ta ƙasar Sin a 2016 ya fito da abin fili: ƙarfe ɗaya, tushen haidirojin ɗaya, amma ligan mai ƙiba ya hana alkin komawa kan ƙarfe sai aka tsaya a Z, ligan marar ƙiba ya bar shi ya koma sai aka ƙare a E. Wanda ya fita daban shi ne katalis ɗin ruteniyam da ɗakin binciken Alois Fürstner a Mülheim ta Jamus ya bayyana a 2013. Shi kai tsaye yake ɗora haidirojin biyu a gefe biyu, kuma gwajin da aka yi daga baya da para-haidirojin ya tabbatar cewa daga ƙwaya ɗaya su biyun suka fito.

Masu gadon siga

Ba zan daɗe a kan hanyar Wittig ba, duk da cewa ita ce ta riƙe wannan fage tun 1954, har ta kai mai ita ga kyautar Nobel a 1979. Tana ba da Z ko E gwargwadon irin ilid ɗin da aka yi amfani da shi, kuma abin da ta haifa ba ya juyewa, don babu katalis da zai komo. Kuɗin da ake biya shi ne shara: kowane mol na alkin yana zuwa da giram 278 na tirifenilfosfin oksaid. Wanda ya haɗa alkin mai kabon 14 ta wannan hanya, sharar ta fi kayan nauyi. A 2009 O'Brien ya nuna yadda za a riƙa farfaɗo da fosfin ɗin da silen, amma sharar ta sauya kama ne, ba ta ɓace ba.

Haɗin faladiyam na Heck, Negishi da Suzuki, da suka raba kyautar Nobel ta 2010, wani salo ne. A na Suzuki da Negishi, idan aka kawo alkin mai ɗauke da boron ko aidin a sigar Z, abin da zai fito Z ne. Amana ce suke riƙewa, kuma suna riƙe ta da kyau. Sai dai tambayar ta koma baya taki ɗaya: wa ya ba kayan farkon sigarsa? Yawanci daga alkayin aka samo ta.

Metatesis

A nan ne tufka da warwara suka fi fitowa fili. Metatesis musayar rabi ce: alkin biyu su rabu a tagwayen ɗaurinsu, kowane rabi ya auri rabin ɗayan. Masana'antar man fetur ta yi amfani da ita tun shekarun 1960 ba tare da an san yadda take gudana ba, sai a 1971 Yves Chauvin da ɗalibinsa Hérisson a Faransa suka bayyana cewa ƙarfe mai tagwayen ɗauri da kabon yana kama alkin su yi zobe mai kusurwa huɗu, ƙarfe ɗaya da kabon uku, sannan zoben ya tsage ta ɗayan ɓangaren. Richard Schrock ya fito da katalis na molibdenam a 1990, Robert Grubbs ya biyo da na ruteniyam daga 1992, su ukun suka karɓi kyautar Nobel a 2005.

Kowane taki na wannan zagaye yana iya komawa baya. Idan aka haɗa alkin biyu masu tagwayen ɗauri a bakin sarƙa, etilin na fita a matsayin iska, wannan ke tura haɗin gaba. Amma sabon alkin ɗin da aka samu shi ma abinci ne ga katalis. Zai sake shiga zobe, ya fita, ya sake shiga, kuma Z ta fi E saurin shiga saboda a matse take. Kowane zagaye yana rage Z ya ƙara E. Da ƙarni na biyu na katalis ɗin Grubbs ya fito a 1999, wanda ya fi na farko ƙarfi nesa ba kusa ba, sai juyewar ta ƙara sauri. Ƙarfin da aka yi murna da shi, shi ne ya ƙara wa warwara hannu. Haka aka ba da kyautar Nobel a kan haɗin da a lokacin bai iya ba da Z bisa buƙata ba.

Jibda ta isa misali. Turaren da ake samu daga wannan dabba sananne ne a kasuwanninmu tun da daɗewa, kuma Habasha ce ta fi fitar da shi. A 1926 Leopold Ruzicka ya gano cewa sinadarin ƙamshinsa, sibeton, zobe ne mai kabon 17 da tagwayen ɗauri guda a sigar Z, a zamanin da ake ganin zobe mai girma haka ba zai yiwu ba. Wanda ya zana shi kusa da oleyik zai ga dangantaka nan take, kamar an kama bakin sarƙar biyu an ƙulla. An kuma nuna ana iya haɗa shi daga oleyik ta metatesis, amma gauraye yake fitowa, E da Z. Dabarar Fürstner ta ƙarshen shekarun 1990 ita ce kewaye: a rufe zoben da metatesis na alkayin, wanda ba shi da E ko Z, sannan a kira Lindlar ya gama. Da ita ya haɗa sibeton a 2000. Dabara ce mai kyau, amma taki biyu ne, kuma sai an fara ƙera alkayin a kowane baki.

Mafita ta kai tsaye ta zo a 2009 daga haɗin gwiwar Schrock da Amir Hoveyda. Suka sa wa molibdenam ko tangistin ligan biyu da ba su yi kama ba, suna fuskantar juna: ƙaramin imido a sama, ƙaton ariloksaid mai juyawa a ƙasa, zoben mai kusurwa huɗu a tsakani. Ƙaton yana share duk filin da ke gefensa, don haka rassan da ke kan zoben ba su da wurin zuwa sai gefen ƙaramin, dukkansu. Rassa a gefe guda kuwa, idan zobe ya tsage, Z ke nan. A 2011 suka kai wannan ga haɗa sinadarai masu sarƙaƙiya. Abubuwa biyu a cikin aikin sun shafi hujjata. Na ɗaya, rage matsin iska a kan tukunya don zuƙe etilin ya kyautata sakamako, saboda etilin na taimaka wa katalis ya sake tsinka Z ɗin da aka yi. Na biyu shi ne zoben epotilon mai ƙwayoyi 16, wanda masu haɗa shi a 1997 suka samu kusan rabi da rabi. Molibdenam ya fi ƙarfi, amma tangistin ne ya ba da Z sama da kashi 90, don ƙarfinsa ya isa ya rufe zoben, bai isa ya sake buɗe shi ba. Katalis mafi rauni shi ya ci gasar.

A 2011 ɗin dai Endo da Grubbs suka samo na ruteniyam. Reshen adamantil na ligan ya manne da ƙarfen kai tsaye, abin da a da ake ɗauka alamar mutuwar katalis ce. Wannan ya tilasta wa zoben ya kafu a gefe, ƙarƙashin wani faffaɗan reshe da ke tura rassa zuwa ɓangare guda. Da aka musanya ligan ɗinsa na pibalet da naitiret a 2012, aka kuma ƙara wa faffaɗan reshen ƙiba a 2013, Z ta haura kashi 95 a haɗe-haɗe da dama, har da zoben turare irin na jibda. Ko a nan, idan aka bar haɗin ya daɗe bayan kayan farko sun ƙare, adadin Z yakan fara sauka. Wasu suka juya wannan rauni ya zama amfani: a ba katalis ɗin gaurayen E da Z tare da etilin, ya cinye Z ya bar E tsantsa.

Iri na uku, wanda Hoveyda ya fito da shi a 2013, ruteniyam ne mai ligan da ke kama shi da ƙwayoyin farar wuta biyu. Daga baya aka gane cewa gado yake riƙewa: a ba shi Z ya mayar da Z, a ba shi E ya mayar da E. A ganina wannan ne ya fi kusa da magance matsalar daga tushe, don ko ya komo kan abin da ya haifa, sigar da ya tarar ita zai bari. Rauninsa shi ne alkin mai ɗauri a bakin sarƙa yana kashe shi da wuri, sai aka ɓullo da dabarar zuba Z-2-butin mai yawa don ya rufe bakunan tukuna.

Haske

Akwai hanyar da ba ta gudun warwara, hawa kanta take yi. Idonmu da ita yake aiki: haske ya bugi retinal mai sigar Z a kabon na 11, cikin kimanin femtosakan 200 ya miƙe, saƙo ya tafi ƙwaƙwalwa, sannan jiki ya kashe makamashi ya sake lanƙwasa shi. A ɗakin gwaji akasin haka ake nema. Katalis ya sha haske ya miƙa makamashin ga alkin, alkin ya murɗe zuwa kusurwar digiri 90, daga nan ya faɗa ko E ko Z. Idan alkin ɗin na manne da zoben benzin, sigar E a shimfiɗe take, makamashin da take buƙata kaɗan ne. Sigar Z a karkace take saboda gogayyar rassa, tana buƙatar fiye. Sai a zaɓi katalis da makamashinsa ya isa E bai isa Z ba. Duk wadda ta faɗa E za a sake ɗaga ta, wadda ta faɗa Z ta tsira. George Hammond ya shimfiɗa wannan ilimi a kan sitilbin tun shekarun 1960. Jimmie Weaver ya farfaɗo da shi a 2014 da iridiyam, Ryan Gilmour a Münster ya yi shi a 2015 da ribofilabin, wato bitamin B2.

Na san abin da ke zuwa zuciyar mai sauraro a ƙasar da rana ba ta yi mana rowa: katalis mai araha, makamashi kyauta. Gaskiya ne, kuma fage ne da ɗalibin digiri na biyu zai iya shiga da fitilar LED da kwalbar gwaji. Amma iyakarsa a bayyane take. Sai tagwayen ɗaurin yana jingine da zoben benzin, ko kabonil, ko boron kamar yadda aka nuna a 2020. Ɗaurin da ke zaune shi kaɗai a tsakiyar doguwar sarƙa, irin na oleyik, ya fi ƙarfin hasken da ido ke gani, kuma E da Z ɗinsa ba su da tazarar da katalis zai rabe a ciki.

Tsutsar masara da abin da za mu iya aunawa

Irin wannan ɗauri na tsakiyar sarƙa shi ne muke da buƙatarsa a gona. A farkon 2016 aka fara ba da rahoton tsutsar Spodoptera frugiperda a Afirka, Nijeriya na cikin wuraren farko, kuma manoman masara sun san ɓarnarta. Babban sinadarin da macen ke kiran namiji da shi sarƙa ce mai kabon 14, da ɗaurin Z a kabon na 9, da asitet a baki. Ana sa shi a tarko don a san yawan ƙwarin, ko a baza shi a gona har namiji ya kasa gano mace. Tun 1959, da Adolf Butenandt ya tara ƙwarin siliki mata kusan 500,000 kafin ya gano feromon na farko, wato irin wannan sinadarin kira, an san cewa siga ce ke ɗauke da saƙon. Tsutsar wake, Maruca vitrata, nata babban sinadarin E biyu ne a jere. Kowane ƙwaro da kalmar sirrinsa.

Ku dubi inda ɗaurin yake: kabon na 9, daidai inda yake a oleyik. Idan aka tsinka oleyik da etilin ta metatesis, ana samun gutsure mai kabon 10 da ɗauri a bakinsa. A mayar da kan asid ɗinsa asitet, a haɗa shi da 1-heksin a gaban katalis mai zaɓen Z, etilin ya fita, abin da ya rage shi ne feromon ɗin. Ɗakin binciken Grubbs ya nuna irin wannan hanya daga man tsirrai a 2013, a shekarar da aka buɗe matatar metatesis ta manja a Gresik ta Indunusiya, aka kuma kafa kamfanin Provivi a Amurka don ƙera feromon da yawa. Ɗanyen kayan, man gyaɗa da man kaɗanya, muna da su.

Ba zan ɓoye tsadar abin ba. Ruteniyam da faladiyam daga Afirka ta Kudu da Rasha mafi yawansu ke fitowa, da kuɗin waje ake sayen katalis ɗinsu. Na molibdenam da tangistin ba sa jure iska ko laima, ko da yake an fara sayar da su a dunƙule cikin kakin farafin. Man da ya daɗe a ajiye yana tara feroksaid, wanda ke kashe katalis kafin ya yi zagaye ɗari, don haka tsarkake mai shi ne rabin aikin. Wanda kuma ke nufin magani, ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ICH ta ƙayyade faladiyam ko ruteniyam a maikirogiram 100 a rana ga maganin sha, dalma kuwa 5 kacal, abin da ya sa ake neman magajin Lindlar a nikel, kobalt da baƙin ƙarfe. Nikel boraid da Brown da Ahuja suka bayyana a 1973, wanda ake haɗawa nan take daga gishirin nikel da sodiyam borohaidiraid a ƙara etilindayamin, har yanzu ya fi dacewa da aljihun yawancin sassanmu.

Roƙona ga masu kawo rahoto da masu duba kundin ɗalibai ɗaya ne: a daina karɓar adadi guda. A ɗebi samfuri lokacin da kashi 20 na kayan farko ya ƙare, a sake a 50, a 90, sannan sa'a biyu bayan an gama. Idan adadin Z bai motsa ba, katalis ɗin zaɓe yake yi. Idan yana sauka, to lokacin tsayar da haɗin yana cikin sakamakon, dole a rubuta shi. Gwaji na biyu ya fi wannan sauƙi: a ɗauki Z tsantsa a zuba wa katalis a yanayin haɗin, a ga ko zai taɓa ta.

Aunawar kanta tana da tarko. Littafi ya ce a duba tazarar haɗin haidirojin biyu a na'urar NMR, has 6 zuwa 12 ga Z, 12 zuwa 18 ga E. A doguwar sarƙa irin ta feromon, haidirojin biyun suna faɗawa wuri guda a wajen 5.3 zuwa 5.4, su cakuɗe, ba abin da za a karanta. Kabon ɗin da ke maƙwabtaka da ɗaurin ya fi faɗin gaskiya: wajen 27 a Z, wajen 32 a E. A na'urar infirared E tana da alama a wajen 965 wadda Z ba ta da ita, amma ba ta kama ƙaramin gurɓi. Don rabe 97 da 3 daga 99 da 1 sai na'urar GC mai dogon bututu, irin mai mita 100 da ake auna kitsen tirans da shi. Inda duk waɗannan suka yi nisa, akwai farantin silika da aka jiƙa da azurfa naitiret aka busar a duhu. Azurfa ta fi riƙe Z, sai ta tsaya a baya, E ta wuce gaba, ɗigo biyu su fito a faranti guda. Ba zai ba da adadi ba, amma faranti huɗu na samfuri huɗu da aka ɗiba a lokuta daban-daban za su nuna ko ɗigon saman yana ƙara duhu.